Bijimin Kaduna: Tarihin Wasan Rashidi Yekini

Duk wanda ya san Kaduna a zamanin da masaƙun Kakuri ke aiki dare da rana, sa'ad da jiniya kan busa dubban ma'aikata su kwararo kan kekuna, waɗansu na shiga waɗansu na fita, ya san cewa waɗannan ma'aikatu, bayan atamfa da yadi da suke fitarwa, sun riƙe ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa waɗanda yaron da ba ɗan kowa ba kan shiga, a ba shi riga da takalmi da ɗan abin sa wa a baka, har Allah Ya bayyana baiwar da Ya ajiye a ƙafarsa. A cikin irin wannan ƙungiya, ta masaƙar UNTL, Rashidi Yekini ya fara wasa a farkon shekarun 1980. An haife shi a Kaduna ran 23 ga Oktoba, 1963, asalin iyayensa Yarabawa ne daga ƙasar Kwara, kuma ya tashi cikin rashi kamar dubban tsararrakinsa na wannan birni da ya tara kowace kabila.

Galibin mutane, in an ambaci sunansa, abu guda ke zuwa musu a rai, wato ƙwallon da ya ci a gasar cin kofin duniya a Amurka a 1994. Ni kuwa ina ganin rashin adalci ne a taƙaita mutumin a kan dare ɗaya, alhali kuwa abin da ya cancanci a yi nazarinsa shi ne shekaru goma sha uku da suka gabaci wannan dare, waɗanda ya shafe yana hawa mataki bayan mataki, ba tare da wata babbar ƙungiyar Turai ta ɗauke shi tun yana yaro ta raine shi ba, kuma ba tare da ya taɓa sauka a wani wuri ya kasa yin aikin da aka ɗauke shi dominsa ba.

Daga Kaduna ya gangara Badun, ya shiga Shooting Stars, wadda a wancan zamani tana cikin ƙungiyoyin da ake jin tsoro a nahiyar nan. Da shi aka kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 1984, inda Zamalek ta Masar ta doke su gida da waje. A wannan shekarar ce kuma ya fara sa rigar Nijeriya, ya je gasar cin kofin nahiyar Afirka a Kwaddibuwa, aka kai ƙarshe, Kamaru ta yi nasara da ci 3 da 1. Sa'an nan ya koma Abeokuta wurin Abiola Babes, ƙungiyar attajirin nan Mashood Abiola, ya zauna har 1987, kana ya ƙetare iyaka zuwa Africa Sports ta birnin Abijan. Ya kamata mai karatu na yau ya lura da wannan hanya, domin a waɗancan shekaru Abijan ce zangon da 'yan wasan Nijeriya kan yada kafin su ga Turai. Stephen Keshi ma ta can ya bi kafin ya isa Beljiyam. A Abijan ne 'yan kallo suka laƙaba wa Yekini sunan Bijimin Kaduna, saboda tsawonsa da faɗin ƙirjinsa da yadda yakan tunkari 'yan baya ba ja da baya.

Wasansa ba mai yawan ado ba ne. Ba ya cikin masu tsayawa su yi ta yanka suna neman tafi, kuma wanda ya je fili domin ya ga rawar ƙafa, wajen wani zai duba. Abin da ya iya, kuma ya iya shi matuƙar iyawa, shi ne ya tsaya daidai kafaɗar ɗan baya na ƙarshe, yana kallon mai riƙe da ƙwallo, har lokacin da ya ga an ɗaga kai. Nan take sai ya fizga da gudu irin wanda ba a zaton mai jiki kamarsa da shi, ya sa kafaɗa ya kare, ya saki bugu tun kafin mai tsaron raga ya gama shawarar fitowa ko tsayawa. Yakan ɓarar da dama, wani lokaci har 'yan kallo su kama kai, amma ɓarar da ɗaya ba ta taɓa hana shi neman ta biyu da ta uku ba, kuma wannan sifa, wato rashin karaya bayan kuskure, ita ce a ganina ta raba maciyin ƙwallo na haƙiƙa da wanda sa'a ta taɓa haskawa sau ɗaya.

Sai a 1990, yana dab da shekara ashirin da bakwai, shekarun da waɗansu ke ganin ɗan wasan gaba ya riga ya kai ƙololuwarsa, ya sami shiga Turai. Kuma ba wata shahararriyar ƙungiya ce ta kira shi ba, Vitória ce ta Setúbal, wani gari na masunta da tashar jiragen ruwa a kudu da Lisbon ta ƙasar Fotugal. Bai daɗe da zuwa ba ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu. A nan ne, inda babu 'yan jarida masu yawa kuma babu wanda ke kallo daga gida, ya yi aikin da ya fi kowane nuna ko shi wane ne: a kakar 1992 zuwa 1993 ya zura ƙwallo 34, ya ɗauko ƙungiyar ya mayar da ita rukunin farko, da masu shakka suka ce ai wannan a tsakanin ƙanana ne, sai ya ci 21 a kakar da ta biyo, ya fi kowa a ƙasar baki ɗaya, har da 'yan wasan Benfica da Porto da Sporting waɗanda ke da mataimaka da dukiyar da Setúbal ba ta taɓa mafarkinsu ba. Hujja ta ƙare a nan. A 1993 hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka ta zaɓe shi gwarzon shekara, kuma shi ne ɗan Nijeriya na farko da hukumar ta ba wannan lambar girma.

Amma game da ƙungiyar ƙasa, sai da aka sha ɗacin haƙuri tukuna. An kai wasan ƙarshe na gasar nahiyar a Maroko a 1988, Kamaru ta sake ɗaukewa da ci ɗaya mai ban haushi. An kai a Aljeriya a 1990, bayan masu masauki sun lallasa Nijeriya 5 da 1 a wasan buɗewa, suka kuma doke ta 1 da nema a na rufewa. A Senegal a 1992 aka tsaya a matsayi na uku, ko da yake Yekini ya fi kowa ci da ƙwallo huɗu. Sau uku ke nan yana ganin kofi a gabansa ana miƙa wa wani. A tsakanin haka Clemens Westerhof, mutumin Holand da ya karɓi horar da ƙungiyar a 1989, yana ta tara matasa a kewayensa, irin su Finidi George da Emmanuel Amunike da Jay-Jay Okocha da Sunday Oliseh, da kuma Daniel Amokachi, wanda shi ma ɗan Kaduna ne, daga Ranchers Bees ya fito. Abin alfahari ne ga wannan gari cewa mutum biyu da suka jagoranci gaban ƙungiyar da ta fi kowace shahara a tarihin ƙasar, a filayensa suka koyi sana'arsu.

Ƙwallayen Yekini ne suka ɗauki kaso mafi girma na wasannin neman zuwa gasar cin kofin duniya, har aka yi kunnen doki 1 da 1 a birnin Aljiyas cikin Oktoban 1993, Nijeriya ta sami gurbi karo na farko, a daidai lokacin da ƙasar ke cikin ruɗanin soke zaɓen 12 ga Yuni, mutane na neman abin da zai haɗa su ko da na sa'a biyu ne. Sa'an nan aka tafi gasar cin kofin nahiyar Afirka a Tunisiya a 1994. Ya ci Gabon biyu, ya ci Zayar biyu, a wasan kusa da na ƙarshe kuma, sa'ad da Kwaddibuwa mai riƙe da kofi ke gaba da 2 da 1, shi ya farke, kuma da aka kai ga bugun fenareti shi aka bar wa na ƙarshe, ya ajiye ƙwallo, ya ja baya, ya zura. A wasan ƙarshe aka gamu da Zambiya, wadda shekara guda kafin nan ta rasa 'yan wasanta a haɗarin jirgin sama a gaɓar tekun Gabon, har ya zamana rabin Afirka na yi mata addu'a. Amunike ya ci biyu, aka tashi 2 da 1. Yekini ya koma da kofi, da lambar wanda ya fi kowa ci da ƙwallo biyar, jimillar abin da ya ci a gasannin nahiyar kuwa ta kai goma sha uku.

Ran 21 ga Yuni, 1994, a filin Cotton Bowl na birnin Dallas, dare ya riga ya raba a gida, jama'a sun taru gaban talabijin a zauruka da bakin shaguna. A minti na 21 aka tura wa Finidi ƙwallo ta gefen dama, ya shimfiɗo ta ƙasa-ƙasa ta gaban ragar Bulgeriya, Yekini ya iso ya taɓa ta kawai ta shige. Cikin duk ƙwallayen da ya ci a rayuwarsa da wuya a sami wadda ta fi wannan sauƙi. Amma bai juya ya nufi 'yan kallo ba; ya bi ta har cikin raga, ya cusa hannuwansa ta ramukan zaren, ya dunƙule su a gaban fuskarsa, yana jijjigawa yana kururuwa, idanunsa a runtse. Wanda ya san hanyar da aka biyo daga Kakuri zuwa wannan wuri ba zai yi ta'ajibin wannan hali ba. Aka ci 3 da nema, aka fito daga rukuni a matsayi na ɗaya, kana Italiya, da mutum goma a fili, ta farke saura minti biyu a tashi ta ƙafar Roberto Baggio, ta kuma yi nasara a ƙarin lokaci. Yekini bai sake ci a gasar ba, kuma ya koka daga baya cewa abokan wasansa ba su riƙa ba shi ƙwallo yadda ya kamata ba. Ko mene ne gaskiyar al'amarin, zumuncin ƙungiyar bai koma yadda yake ba.

Abin da ya biyo baya gajere ne a faɗa, ko da yake ya ɗauki shekaru goma sha ɗaya. Ya tafi Olympiacos ta Girka ba su jitu ba, ya koma Sporting Gijón ta Sifaniya bai ci abin kirki ba, ga rauni ga shekaru. Ƙaurace wa gasar Afirka ta 1996 da gwamnatin soja ta yi, da haramcin da ya biyo bayansa a 1998, sun hana shi ƙara ko ɗaya a kan goma sha ukun nan. Duk da haka ya farfaɗo a Zurich ta Suwizalan har aka tafi da shi gasar duniya ta Faransa a 1998, inda ya rufe hidimarsa ga ƙasa da ƙwallo 37, adadin da aka shafe shekaru fiye da ashirin bayansa babu ɗan Nijeriya da ya kamo. Daga nan ya buga a Bizerte ta Tunisiya, da Al-Shabab ta Riyad, ya sake komawa Africa Sports.

Abin da ya fi burge ni a ƙarshen tarihinsa shi ne bai ɗauki filayen gida a matsayin ƙasƙanci ba, alhali da yawa daga tsararrakinsa sun gwammace su ajiye takalmi a Turai da a gan su a gasar ƙasarsu. Ya sa rigar Julius Berger ta Ikko a 2002, kuma a 2005, yana da shekara arba'in da ɗaya, ya sake fitowa domin Gateway ta Abeokuta, mutane suka riƙa zuwa fili musamman don su gan shi. Bayan ya bari ya zauna a Badun, ya janye jikinsa daga taruka da 'yan jarida, ya yi fama da rashin lafiya a shekarunsa na ƙarshe. Ya rasu ran 4 ga Mayu, 2012, yana da shekara arba'in da takwas, aka yi masa sutura bisa tafarkin Musulunci a garin Ira na Jihar Kwara. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa.