Gwayule: Tarihin Noman Itacen Robar Hamada

Gwayule, wanda masana tsirrai ke kira Parthenium argentatum, ɗan guntun itace ne da bai cika wuce mita ɗaya ba, ganyensa toka-toka mai sheƙi, furanninsa ƙanana. Danginsu ɗaya da shuwaka da latas, wato Asteraceae. Asalinsa hamadar Cihuwahuwa ce, a arewacin Meziko da kudu maso yammacin Tekzas, inda yake fitowa a tuddai masu farar ƙasa. Asa Gray ne ya raɗa masa sunan kimiyya a 1859.

Abin da ya sa aka san shi roba ce. Sai dai ba a tsaga shi a tari ruwan kamar yadda ake yi wa itacen roba na kurmi, domin tasa robar a kulle take cikin ƙwayoyin ɓawo. Dole a sare shi ko a tumɓuke, a niƙe, sannan a tace. Sanyin dare a lokacin hunturu shi ke sa ya tara roba da yawa. Yawancin nau'o'insa kuma suna yin iri ba tare da barbara ba, abin da ya daɗe yana ba masu inganta iri wahala.

Mutanen yankin sun daɗe suna tauna ɓawon su dunƙula ƙwallo da shi. Kasuwancinsa sai farkon ƙarni na 20, lokacin da motoci suka fara cin taya. Masana'antu suka tashi a birnin Toriyon na Meziko da kewaye, mafi girma ita ce ta kamfanin Continental-Mexican Rubber, mai jarin attajiran Amurka irin su iyalan Rokafela da Gugenhaim. Iyalan Madero, gidan da Faransisko Madero jagoran juyin juya halin Meziko ya fito, su ma suna da nasu. A kan adadin 1910 littattafai sun saɓa: wasu sun ce gwayule ya ba da rabin robar da Amurka ta yi amfani da ita, wasu sun ce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wadda ta shigo da ita. Ƙaramin adadin ya fi kama hankali, ganin yadda robar Birazil ke riƙe da kasuwa a lokacin. Inda babu gardama shi ne ba noma shi ake yi ba. Na daji ake tumɓukewa da saiwarsa, kuma cikin 'yan shekaru ya fara ƙarewa.

A 1912 yaƙin basasar Meziko ya sa masanin kamfanin Continental-Mexican Rubber, Wiliyam Makalam, ya kwashe iri ya tsallaka Amurka. Ya gwada a kudancin Kalifoniya, ya gwada a Arizona, daga bisani ya zauna a kwarin Salinas na Kalifoniya. Daga nan noman gaske ya fara: a reni tsiron a gandu, a dasa, a jira shekaru kafin a girbe. A 1930 wani manjo mai suna Duwait Aizenhawa, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, ya zagaya gonakin ya ba da shawarar gwamnati ta tallafa. Ba a saurare shi ba.

Sai ga Japan ta kama Malaya da tsibiran Indunusiya a farkon 1942, hanyar roba ta toshe. A watan Maris majalisar Amurka ta amince da shirin gaggawa, gwamnati ta sayi gonakin Salinas, aka dasa kimanin eka 32,000. Wani ɓangare da rahotannin hukuma suka taƙaita shi ne aikin sansanin Manzanar, inda aka tsare Amurkawa 'yan asalin Japan. Robat Emason, masani daga jami'ar Caltech, ya kai musu rassan da aka yar a Salinas. Cikin tsararrun akwai masu lambu da masana kimiyya. Suka gano yadda reshe zai yi saiwa, suka kuma ƙera hanyar niƙa mai fitar da roba mai tsabta. Mutanen da ƙasar ta kulle bisa zargin rashin biyayya ke nan.

Yaƙi na ƙarewa, robar da ake haɗawa daga man fetur ta riga ta samu gindin zama, manoman Kalifoniya kuma suna son filayensu. A 1946 aka rufe shirin, aka ƙone ko aka kafce yawancin gonakin ba tare da an girbe ba.

Tsadar mai ta farfaɗo da maganar, har Amurka ta yi doka a kai a 1978, sannan ta sake lafawa. A shekarun 1990 aka lura cewa robarsa ba ta tayar da borin jini da safar hannu ta robar kurmi ke jawo wa wasu ma'aikatan asibiti. Kamfanin Bridgestone ya noma shi a Arizona, ya fitar da tayoyin gwaji a 2015, a 2022 kuma aka yi tseren motoci a birnin Nashbil na Amurka da tayoyin da aka yi gefensu da robar gwayule.