Tafkin Lwi, wanda duniya ta sani da Nyos

A kan tsaunukan arewa maso yammacin Kamaru, gabas da garin Wum, akwai wani ɗan tafki da ya kamata mu Hausawan Gabon mu san labarinsa. Ta Kamaru kakanninmu suka ratso kafin su sauka Bitam da Oyem, kuma har yau Hausawa da Fulani makiyaya suna zaune a wannan yanki.

Tafkin yana kwance ne a bakin wani tsohon dutse mai aman wuta, mita 1,091 bisa teku. Faɗinsa bai cika murabba'in kilomita 2 ba, amma zurfinsa ya haura mita 200. Mutanen wurin Lwi suke kiransa. Nyos kuwa sunan ƙauyen da ke kwari ne a ƙarƙashinsa.

Tun zamani mai tsawo iskar kabon take tsattsafowa daga cikin dutsen, tana narkewa a ruwan can ƙasa, nauyin ruwan sama yana danne ta. Daren Alhamis, 21 ga Agusta 1986, sai ta kubce gaba ɗaya. Da yake ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, sai ta malala cikin kwaruruka har kimanin kilomita 25, ta shaƙe Nyos da Cha da Subum. Mutum 1,746 suka rasu, tare da dabbobi kusan 3,500. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Da gari ya waye, shuɗin ruwan ya koma ja, domin ƙarfen da ke ƙasa ya taso ya yi tsatsa.

Labarin ya zagaye duniya da sunan ƙauyen da ya fi rasa mutane, Lwi kuwa sai a bakin 'yan ƙasa. A 2001 aka kafa bututun farko mai zuƙe iskar, aka ƙara biyu a 2011. An rage haɗarin, amma tsohon sunan bai dawo ba.

Suna linzami ne, in masu shi suka sake shi, wani ke riƙewa. Saboda haka muna roƙonku, ku zauna da dattawanmu na Libreville tun suna raye, ku rubuta sunayen zanguna da koguna da duwatsun da iyayenmu suka bi, yadda su suke faɗarsu.