Wasa 16, Nasara Ɗaya: Tarihin Baƙar Kakar Dallas Cowboys ta 1989

A wannan makon za mu leƙa birnin Dallas da ke jihar Texas a Amurka, mu bi tarihin wata ƙungiyar ƙwallo da ta buga wasa 16 a kaka guda, ta ci ɗaya tak. Abin da ya ja hankalinmu shi ne tambayar da ke tasowa duk lokacin da ƙungiya ta shiga irin wannan hali: laifin koci ne? A kore shi ko a ƙyale shi? Sau uku wannan tambaya ta taso a Dallas, kuma kowane karo amsa daban aka ba ta.

Kafin mu shiga, ya kamata mu fahimci wasan. Ƙwallon Amurka ba irin tamaular da muka saba gani ba ce, ta fi kama da zari-ruga. Da hannu ake ɗaukar ƙwallon ko a jefa ta, 'yan wasa 11 a kowane ɓangare, sanye da hular kwano. Babbar gasarsu ita ce NFL, wasan ƙarshe na cin kofi kuma shi ake kira Super Bowl. A 1989 ƙungiyoyi 28 ne a gasar, kowace tana buga wasa 16 a kaka. Akwai tsari ɗaya da sai an gane shi za a gane labarinmu. A NFL ba a mayar da ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe ƙaramin rukuni. Maimakon haka, kowace shekara ana zaɓen matasan 'yan wasa daga jami'o'i, zagaye-zagaye, kuma ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi ita ke fara zaɓa. Waɗannan guraben zaɓe dukiya ce, ana cinikinsu kamar yadda ake cinikin 'yan wasa.

An kafa Dallas Cowboys a 1960, kocinta na farko kuma shi ne Tom Landry, mutum marar yawan magana da aka sani da kwat da malfa a gefen fili. A kakarsa ta farko bai ci wasa ko ɗaya ba: kashi 11, canjaras ɗaya. Bayan kaka huɗu, lissafinsa ya tsaya a nasara 13, kashi 38, canjaras uku. Surutu ya yi yawa cewa a kawo wani. A 1964 mai ƙungiyar, Clint Murchison, ya ba da amsar da ba a zata ba, ya ƙara wa Landry kwantiragin shekara 10. Daga 1966 zuwa 1985, kaka 20 a jere, Dallas ba ta taɓa gama kaka ba tare da nasarorinta sun fi kashinta yawa ba. Ta je Super Bowl sau biyar, ta ɗauki kofin sau biyu, a Janairun 1972 da Janairun 1978. Wannan ne karo na farko da aka yi tambayar, amsar kuwa ita ce haƙuri.

Sai dai komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Daga 1986 abubuwa suka fara ja da baya. Manyan 'yan wasa sun tsufa, sababbin da ake zaɓa ba su cike gurbinsu ba. A 1988 Dallas ta ci wasa uku, ta sha kashi a 13. Mai ƙungiyar na lokacin, Bum Bright, wanda durƙushewar bankunan Texas ta taɓa aljihunsa, ya sayar da ita a kan kimanin dala miliyan 140 ga Jerry Jones, wani attajirin mai da iskar gas daga jihar Arkansas.

Ranar 25 ga Fabrairun 1989 Jones ya hau jirgi zuwa yankin Austin, inda Landry ke wasan golf, ya shaida masa cewa aikinsa ya ƙare. Landry na da shekara 64, ya yi kaka 29 a ƙungiyar, kuma ba ta taɓa sanin wani koci ba sai shi. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne hoton da jarida ta buga na Jones da sabon kocin da zai kawo suna cin abinci a wani gidan abinci a Dallas, dare ɗaya kafin a gaya wa Landry. Mutanen gari da dama da suka yarda cewa lokacin dattijon ya wuce, yadda aka sallame shi ya ɓata musu rai. A watan Afrilu birnin ya shirya masa gangamin ban-kwana a kan tituna.

Sabon kocin shi ne Jimmy Johnson. Shi da Jones sun buga wa Jami'ar Arkansas wasa tare a 1964. Ya horar da Jami'ar Miami har ta zama zakarar jami'o'in Amurka a 1987, amma bai taɓa aiki a NFL ba ko da na kwana ɗaya. Don haka tun kafin a busa usur, an riga an yanke masa hukunci: abokin mai gida ne, kocin ɗalibai ne, zai gane kurensa idan ya haɗu da manya.

Kakar 1989 ta zo kamar don ta gaskata masu wannan magana. Wasan farko a New Orleans aka lallasa su da ci 28 da nema. Suka jera kashi takwas ba hutu. Troy Aikman, matashin da suka ɗauka a gurbin farko na zaɓen shekarar don ya zama madugu mai jefa ƙwallo, ya karye a yatsa a wasa na huɗu. Duk wasanni 11 da ya fara a kakar, babu wanda ya ci. Mai cafke ƙwallo Michael Irvin ya ji mummunan rauni a gwiwa, kakarsa ta ƙare. Nasara ɗaya tilo ta zo ranar 5 ga Nuwamba a Washington, da ci 13 da 3, kuma Steve Walsh ne madugu a ranar, ba Aikman ba. Daga nan aka koma gidan jiya, kashi bakwai a jere. A gidansu ba su ci wasa ko ɗaya ba. Sau uku suka tashi daga fili ba su da maki ko guda. A watan Disamba a Philadelphia, 'yan kallo suka riƙa jifan Johnson da curin ƙanƙara har sai da 'yan sanda suka raka shi ya fita.

Kamar wannan bai isa ba, ladar da mai zuwa na ƙarshe ke samu ma ta kuɓuce musu. Da sun mallaki gurbin farko a zaɓen 1990, amma sun riga sun sarayar da shi tun lokacin da suka ɗauki Walsh a wani zaɓe na musamman a 1989.

To, a tsakiyar wannan duhu ne aka yi abin da ya sauya tarihin ƙungiyar. Ranar 12 ga Oktoba, suna da kashi biyar babu nasara, Johnson ya sayar da Herschel Walker ga Minnesota Vikings. Walker shi ne tauraron ƙungiyar, mai ruga da ƙwallo wanda ya haura yadi 1,500 a kakar 1988. A idon magoya baya, wannan tamkar mai saniya ɗaya ne ya kai ta kasuwa ana tsakiyar fari. Lissafin Johnson daban ne. Da Walker ɗin ma kashi suke sha, kuma kafin a gina ƙungiyar da za ta amfana da shi, ƙarfinsa ya ragu. Minnesota kuwa tana ganin mutum ɗaya ne ya rage mata ta ɗauki kofi, don haka a shirye take ta biya kowane farashi.

Dubi yadda aka ƙulla cinikin. Minnesota ta ba da 'yan wasa biyar da wasu guraben zaɓe. Kowane ɗaya daga cikin biyar ɗin an ɗaura masa sharaɗi: idan Dallas ta sallame shi kafin 1 ga Fabrairun 1990, Minnesota za ta ba da wani babban gurbin zaɓe a madadinsa. Manajan Minnesota, Mike Lynn, ya ɗauka ƙungiyar da ke fama da ƙarancin 'yan wasa ba za ta saki mutanen da suka fi nata ƙwarewa ba. Ashe Johnson tun farko guraben yake so. A ƙarshe Dallas ta tashi da gurabe takwas, uku a zagayen farko, uku a zagaye na biyu. Walker ya fara da ƙafar dama a Minnesota, ya yi yadi 148 a wasansa na farko, 'yan jarida suka ce an yi wa Dallas sakiyar da ba ruwa. Bayan kakar 1991 Minnesota ta rabu da shi ba tare da ta ga ko ƙofar Super Bowl ba.

Johnson bai tsaya nan ba. Ya riƙa juya guraben nan kamar ɗan kasuwa, ya sayar da ɗaya ya sayi biyu, ya haɗa biyu ya hau sama. A 1990 ya yi amfani da gurbin Minnesota ya matsa zuwa na 17, ya ɗauki Emmitt Smith, wanda ya yi ritaya da yadi 18,355, adadin da babu mai ruga da ƙwallon da ya kai shi a tarihin NFL. Mai tsaron baya Darren Woodson ma ta wannan hanya ya zo a 1992. Walsh kuma aka sayar da shi ga New Orleans a 1990 aka karɓi wasu gurabe uku, aka bar wa Aikman filin shi kaɗai.

Sakamakon ya biyo a hankali. A 1990 nasara bakwai, kashi tara, aka zaɓi Johnson gwarzon kocin shekara. A 1991 nasara 11. A 1992 nasara 13, sannan ranar 31 ga Janairun 1993 suka casa Buffalo Bills da ci 52 da 17 a Super Bowl. Shekara guda bayan haka suka sake doke Buffalo ɗin da ci 30 da 13. Daga nasara ɗaya zuwa kofi biyu a jere, cikin kaka biyar.

Nan ne aka yi tambayar karo na uku, kuma ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa. Abin da kashi 15 bai raba ba, kofi biyu ya raba. Jones, wanda shi ne mai ƙungiya kuma shi ya naɗa kansa babban manaja, yana son a san da hannunsa a ginin. Johnson kuma yana ganin shi ya zaɓo 'yan wasan, shi ya horar da su. A Maris na 1994, a wajen taron masu ƙungiyoyi a Orlando, Jones ya faɗa wa 'yan jarida cewa akwai koci 500 da kowannensu zai iya cin kofi da waɗannan 'yan wasa. Ranar 29 ga watan suka zauna gaban kyamara suka sanar da rabuwarsu. Ba a sarki biyu a gari ɗaya.

Jones ya kawo Barry Switzer, kuma da 'yan wasan da Johnson ya bari aka sake ɗaukar kofi a Janairun 1996. Wasu suka ce maganar Jones ta tabbata. Amma daga wancan kofi har zuwa ƙarshen kakar 2024, Dallas ba ta sake kaiwa ko wasan kusa da na ƙarshe ba, duk da jerin kocin da aka canza, daga Chan Gailey zuwa Bill Parcells, zuwa Jason Garrett da Mike McCarthy. Sai a Disambar 2023, kusan shekara 30 bayan rabuwar, Jones ya sanya sunan Johnson a jerin gwarazan da ƙungiyar ke karramawa a filinta.

Kada mu yi saurin cewa darasin shi ne a riƙa haƙuri da kowane koci. Cleveland Browns ta yi haƙuri da Hue Jackson bayan ya ci wasa ɗaya cikin 16 a 2016. A 2017 bai ci ko ɗaya ba, aka sake ƙyale shi, sai a Oktoban 2018 aka sallame shi da nasara uku kacal cikin wasa 40. Johnson na 1989 da Jackson na 2016 adadinsu ɗaya ne, nasara ɗaya kashi 15. Adadin bai gaya mana komai game da inda kowannensu ya dosa ba. Wanda ke son ya san ko kocin Dallas ya cancanci a ƙyale shi, sai ya duba me yake yi da kashin da yake sha: wa ya saki, wa ya riƙe, me ya tara don baɗi.

Mu da ke koyon rubuta tarihi, akwai abin lura a nan. Da za mu ajiye alƙalami a Disambar 1989, Johnson kocin ɗalibai ne da ya zubar da mutuncin gidan Landry. Da za mu tsaya a Janairun 1994, Jones jarumi ne da ya yi abin da kowa ke tsoro. Idan muka ƙara wata biyu kacal, sai ya zama mutumin da ya rushe abin da ya gina da bakinsa. Duk ukun babu ƙarya a ciki, inda aka tsayar da labarin ne ya bambanta.

Tambayarmu ta wannan makon: da ku ne Jerry Jones a ƙarshen 1989, ba ku san abin da zai faru gaba ba, wace hujja za ku riƙe ku ƙyale Johnson? Muna jiran ra'ayoyinku, da gyara idan an ga kuskure. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.