Kaset da Faifai: Yadda Nintendo Ya Jawo wa Kansa Kishiya

Duk wanda ya buga gem a shekarun 1990 ya san al'adar nan: idan wasa ya ƙi tashi, sai a zare kaset, a hura masa iska, a sake danna shi cikin inji. A wancan zamani kaset ne ke mulki. Tun daga Atari 2600 na 1977 har zuwa Famicom da kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1983, wasan yana zaune ne a kan allon lantarki a cikin kaset ɗin. Kana kunnawa ya taso, babu jira. Ya faɗi ƙasa, ka ɗauka ka ci gaba.

Aibinsa biyu ne: tsadar ƙerawa da ƙarancin ciki. Shi ya sa a 1988 Nintendo ya ƙulla yarjejeniya da Sony a kan injin da zai karanta faifan CD, injiniya Ken Kutaragi ne kuma ke jan ragamar aikin a ɓangaren Sony. Daga baya shugaban Nintendo, Hiroshi Yamauchi, ya lura yarjejeniyar ta bar wa Sony kuɗin da za a samu daga wasannin faifai. A watan Yunin 1991, a baje kolin kayan lantarki na birnin Shikago, Sony ya sanar da injin haɗin gwiwar. Washegari Nintendo ya fito ya ce shi da kamfanin Philips zai yi tafiyar. Sony ya sha kunya a bainar jama'a, amma bai haƙura ba. Ranar 3 ga Disamba 1994 PlayStation ta Sony ta fito a Japan.

Nintendo ya kafe a kan kaset, ya fitar da Nintendo 64 a 1996. A nan gizo ya yi saƙa. Kaset mafi girma na wannan inji megabait 64 yake ɗauka, faifai ɗaya kuwa yana ɗaukar kimanin 650, ga araha, ga saurin bugawa. Mai wasa ya fi jin daɗin kaset, amma mai ƙera wasa lissafin aljihunsa yake yi. Kamfanin Square, wanda ya daɗe tare da Nintendo, ya kwashe kayansa ya koma Sony, ya fitar da Final Fantasy VII a 1997 a kan faifai uku. A ƙarshe PlayStation ta sayu sama da miliyan 100, Nintendo 64 kuwa ta tsaya a kusan miliyan 33.

Faifai ma da nasa ciwon kai. Ana zaman jiran wasa ya buɗe, sai an sayi katin ajiya daban, karce ɗaya kuma ya isa ya tsayar da wasa ana tsaka da ƙwallo. Idan idon injin ya gaji, har kife shi ake yi ko ya yarda ya karanta. Ga shi da sauƙin kwafa, wanda shi ne ya cika gidajen gem na garuruwanmu da faifan wasan ƙwallo na Winning Eleven na bogi.

Nintendo ya miƙa wuya a 2001, ya sa ƙaramin faifai a GameCube. Sai dai da ƙwaƙwalwar ajiya ta yi arha ta ƙara ciki, ya dawo gida: Switch ta 2017 da ɗan ƙaramin kaset take aiki, har ma ana shafa masa sinadari mai ɗaci don kada yara su haɗiye.

Yau su biyun intanet ce ke neman ture su, domin tun 2020 akwai PlayStation 5 wadda ba ta da wurin sa faifai ko kaɗan. Wasan da ka sauke ba ka iya sayar da shi a kasuwa kamar kaset ko faifai. Saboda haka idan kana da tsofaffin kaset ko faifai a gida, ka adana abinka.