Allura Mai Araha, Ɗaki Mai Tsada: Nazari kan Ƙananan Asibitocin Akufanca a Amurka

Cikin duk abin da mai buɗe ƙaramin asibitin akufanca zai kashe wa kuɗi a Amurka, allurar ce mafi araha. Siririya ce ainun, tana zuwa a liƙe cikin 'yar takarda, a tsira ta a fata sau ɗaya a jefa cikin jan akwatin tarkacen asibiti, kuɗinta kuwa bai taka kara ya karya ba. Duk da haka sana'ar kan kayar da masu ita tun ba su tsaya da ƙafafunsu ba. Dalilin, a ganina, ya fi kusa da lissafi fiye da rashin gwaninta: wannan jinya ta Sinawa tana bukatar majiyyaci ya yi ta dawowa, farashin da zai riƙe asibitin kuma shi ne ke hana shi dawowa.

Sana'ar ba ta daɗe da fitowa fili a ƙasar ba. A Yulin 1971 aka yi wa James Reston na jaridar New York Times tiyatar afendis a Beijing, aka sassauta masa ciwon bayan tiyata da allurai, ya kuma rubuta labarin. Sai a 1996 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta fitar da allurar daga sahun kayan gwaji ta karɓe ta a matsayin kayan jinya. Yau akasarin jihohi na ba da lasisi, kowace da dokarta.

Wahalar tana somawa tun kafin a kama hayar ɗaki. Lasisi na bukatar digiri na biyu, karatun shekara uku zuwa huɗu, galibi a makarantun kuɗi, sannan jarrabawar hukumar tantance masu sana'ar ta ƙasa. Kalifoniya ma tata jarrabawar daban take, kuma tana neman awa 3,000 na horo. Wanzami a ƙasar Hausa yakan gaji zabira da gidajen da zai yi wa aski da ƙaho a hannun mahaifinsa. Mai akufanca a Amurka da bashin karatu yake sayen sana'arsa, ba ya kuma gadon majiyyaci ko ɗaya. Guraben aikin albashi kaɗan ne, saboda haka sabon ɗan makaranta ba ya da zaɓi sai ya zama ɗan kasuwa, ko yana da ƙashin kasuwanci ko ba ya da shi. Makarantun ma ba su tsira ba: Oregon College of Oriental Medicine, ɗaya daga cikin sanannu, ta rufe a 2024.

A nan ya kamata a tsaya a dubi ɗakin kansa. Tsarin da aka saba shi ne mutum ɗaya, gado ɗaya, awa ɗaya. A ɗauka, don misali kawai, mai asibiti na ganin mutum 20 a mako kan dala 80, wato dala 1,600 ke nan. Daga ciki za a fitar da haya, da inshorar kuskuren jinya, da sabunta lasisi, da haraji, da kason bashin karatu na wata-wata. Mutum uku suka fasa zuwa, awoyin nan uku sun tafi ke nan, mai gida kuwa ba ruwansa. Majiyyacin da ciwon baya ya yi shekaru yana damunsa, wanda aka ce ya zo sau takwas ko goma, yakan zo sau biyu ko uku, aljihu ya yi nauyi, ya daina. Daga nan sai ya shaida wa abokansa cewa ya gwada bai ga komai ba. An yi asarar kuɗinsa, an kuma yi asarar bakinsa, alhali bakin majiyyaci shi ne babban tallan irin wannan wuri.

Inshora ba ta warware ƙullin ba. A Janairun 2020 shirin Medicare, mai kula da 'yan shekara 65 zuwa sama, ya soma biyan kuɗin akufanca don daɗaɗɗen ciwon ƙugu: zama 12 cikin kwana 90, da ƙarin 8 idan an ga sauƙi. Abin mamaki, mai lasisin akufanca ba ya cikin waɗanda shirin ya yarda su aika masa takardar neman biya kai tsaye. Sai dai ya yi aikin ƙarƙashin kulawar likita ko makamancinsa. Ga kuma masu gashin ƙashi, waɗanda jihohi da dama suka yarje wa tsira irin wannan allura a daddagen nama bayan ɗan gajeren horo, su da tuni suke da ƙofa a wajen kamfanonin inshora.

Sai batun hujja, wanda mai gaskiya ba zai kauce masa ba. A babban gwajin GERAC na Jamus da aka wallafa a 2007, akufanca ta fi jinyar da aka saba amfani ga ciwon baya, amma allurar da aka tsira sama-sama a wuraren da ba nata ba ta yi kusan kunnen doki da ta gasken. Hukumar NICE ta Birtaniya ta ƙi akufanca ga ciwon baya a 2016, ta kuma yarda da ita ga wani rukunin daɗaɗɗen ciwo a 2021. Wanda haya ta taso wa yana iya jin kwaɗayin rubuta a allonsa cewa yana maganin kowace cuta, kuma wannan ne ke sa likitocin unguwa su daina turo masa mutane.

Amsa mafi ma'ana da aka samu ta fito ne daga Portland a 2002, inda Lisa Rohleder da Skip Van Meter suka kafa Working Class Acupuncture. Sun lura da abin da ke gaban kowa: tsira allurai 'yan mintuna ne, sauran lokacin majiyyaci kwance yake kawai. Sai suka jera kujerun kishingiɗa a babban ɗaki guda. Mutum ya naɗe wando zuwa gwiwa da hannun riga zuwa gwiwar hannu, a yi masa tambaya cikin raɗa, a tsira allurai a hannu da ƙafa da kai, a wuce ga na gaba, shi kuwa sau da yawa barci ne ke kwashe shi. Kuɗin a wancan lokacin daga dala 15 yake farawa, kowa ya biya daidai ƙarfinsa ba tare da an bincike shi ba. Da haka ma'aikaci ɗaya ke duba mutane da yawa cikin awa, majiyyaci kuma ya iya zuwa sau biyu a mako. A 2011 asibitocin da suka bi wannan hanya suka haɗu cikin ƙungiyar gama-kai ta POCA.

Sai dai tsarin ya sauya wa matsalar wuri ne, bai kashe ta ba. Farashi kaɗan na bukatar cinkoso, cinkoso na bukatar babban ɗaki da mai karɓar baƙi da unguwa mai jama'a. Ma'aikacin yana yini a sunkuye kan kujeru, ba ya samun damar doguwar hira da majiyyaci, ba ya kuma taɓa bayan wanda ke kishingiɗe a kansa. A ƙaramin gari, inda kujeru goma ba za su cika ba, dala 15 ba ta biyan haya, balle bashin makaranta.