Yadda Aka Kai ga Hana Barasar Leda a Najeriya

A tashoshin mota da bakin kasuwanni na biranen Najeriya, an daɗe ana ganin ƙananan ledoji jere a kan tire, kusa da alewa da biskit da goro. Abin da ke cikinsu barasa ce mai ƙarfi. Sinadarin da ke sa maye a giyar kwalba ba ya cika wuce kashi 5 cikin 100, amma a wasu ledojin yakan kai kashi 30. Ga araha, ga sauƙin ɓoyewa a aljihun rigar makaranta. Wannan ne ya sa hukumomin lafiya suka tasa ledar a gaba.

Dokar barasa ba sabuwa ba ce a ƙasar nan. Tun a taron Brussels na 1890 ƙasashen Turai suka amince da hana shigar da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba ta riga ta yaɗu ba, kuma Turawan mulkin mallaka sun sa Arewacin Najeriya cikin wannan rukuni. Bayan shekaru fiye da ɗari, jihar Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999, wasu jihohi goma sha ɗaya suka bi sahu, aka hana sayar da giya a fili. Duk waɗannan dokoki sun duba wurin da za a sayar ne da kuma addinin mazauna wurin. Batun shekarun mai saye bai zama jigon magana ba sai da leda ta shigo.

Kamfanoni sun gano cewa talaka ba ya iya sayen babbar kwalba, amma zai iya sayen kaɗan-kaɗan, kamar yadda ake ƙulla masa madara da omo. Sai aka ƙulla barasa ita ma. Direbobi da 'yan acaɓa da leburori aka nufa, amma kuɗin da ya ishe su saye shi ne kuɗin tara da ake ba yaro da safe, kuma mai tire ba ya tambayar shekarun kowa. Likitoci sun daɗe suna gargaɗi cewa ƙwaƙwalwar matashi ba ta gama ginuwa sai ya haura shekara ashirin, kuma wanda ya fara sha da ƙuruciya ya fi saurin zama mashayi.

Wasu ƙasashen Afirka sun riga Najeriya ɗaukar mataki. Zambiya ta haramta barasar leda a 2012, Tanzaniya a 2017, Yuganda kuma a 2019.

A nan gida, a watan Disambar 2018 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da hukumar NAFDAC da hukumar kare haƙƙin masu saye suka zauna da ƙungiyoyin masu sarrafa barasa, aka sa hannu kan yarjejeniya. An ba kamfanoni shekara biyar su daina zuba barasa a leda da kwalaben da ba su kai mililita 200 ba, tare da rage rabin abin da suke fitarwa tun daga 2020. A 2022 NAFDAC ta daina yi wa sababbin kayan rajista. Da wa'adin ya cika ranar 31 ga Janairun 2024, shugabar hukumar, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta sanar da fara aiki da dokar, jami'ai suka shiga rufe masana'antu.

Nan fa aka ja daga. Ƙungiyoyin ma'aikatan masana'antun abinci da abin sha suka yi zanga-zanga a ofishin hukumar da ke Legas. Ƙungiyar masu masana'antu ta ce mutane kusan 500,000 za su rasa abin yi, kuma haramcin zai buɗe ƙofa ga haɗe-haɗen bayan fage waɗanda suka fi illa. Majalisar Wakilai ta nemi a dakata. Daga ƙarshe aka ƙara wa'adin zuwa 31 ga Disambar 2025.

Ƙorafin ma'aikata yana da nauyi a ƙasar da aikin yi ya yi wuya, sai dai kamfanonin da kansu suka sa hannu, kuma sun sami shekara biyar na sauya injina da tsarin kasuwanci. Yaron da yake ɗan shekara goma lokacin da aka ƙulla yarjejeniyar ya kai sha bakwai ana nan ana jayayya, ledar kuwa tana kan tire.

A watan Nuwamban 2025 Majalisar Dattawa ta umarci NAFDAC da kada ta sake ƙara ko kwana ɗaya a kan wa'adin, hukumar kuma ta ce za ta nemi taimakon jami'an tsaro wajen tabbatar da haramcin daga Janairun 2026.