Zanen cikin gini: daga kangon Holyrood zuwa Masallacin Juma'a na Zariya

A wajajen 1824 Louis Daguerre, Bafaranshen da daga baya ya yi suna wajen ƙirƙiro ɗaukar hoto, ya zana cikin cocin Holyrood da ke Edinbara. Rufin cocin ya rufta tun 1768, saboda haka abin da ke cikin zanen ginshiƙai ne, da bakuna masu tsini, da farin wata yana ratsowa ta tagar da ba ta da gilashi. Mai zane Turner ma ya zana kangon cocin Tintern a 1794. Masu zanen wancan zamani sun kamu da son gine-ginen Gotik da kakanninsu suka raina, su ne kuma suka koya wa jama'a ɗaga kai su dubi rufi. Da irin wannan ido aka soma gyaran cocin Notre-Dame ta Paris a 1844.

Mu ma muna da rufin da ya isa a ɗaga masa kai. A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya da tubali da azara. A da, wanda ya shiga daga tsakar rana sai idonsa ya huta kafin ya ga yadda bakan gizo ke tasowa daga jikin ginshiƙi, ya lanƙwasa, ya haɗu da ɗan'uwansa a ɗaurin guga. Zayyanar da aka kwaɓa da hannu a jikin ginshiƙan ba ta fitowa sosai sai haske ya zo mata ta gefe. Wannan aiki ne na mai zane, amma zane-zanen cikin masallacin da aka fi sani na masu awon gini ne, irin su Dmochowski da Moughtin. Sun kyauta ƙwarai, har an yi kwafin masallacin a gidan tarihi na Jos, sai dai awo ba ya sa mutum ya ji kishin abu. A shekarun 1970 aka lulluɓe tsohon ginin da na siminti, kuma a ganina rashin masu nuna wa jama'a kyawunsa yana da hannu a ciki.

Akwai abu guda da bai kamata mu aro daga Turawan ba. Kango suka fi so, wurin ibadar da masu ibada suka watse, domin kewa ce jarinsu. Namu gine-ginen da ransu. A Yama, cikin jihar Tawa a Nijar, Falke Barmu ya fara masallacinsa na ƙasa a 1962, mutanen gari suka kawo ruwa da laka da itace, ginin ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Mai zanen da zai shiga can ya tafi ranar Juma'a, ya zana sahu a ƙarƙashin bakan, da takalma zube a bakin ƙofa, da sabon yaɓen da aka yi bayan damina.